Abin da Ta Faɗa a Bayan Takunkumi

"Mayar da shi."

Auta ba ta ji fitowar Yaya ba, muryarsa kawai ta ji a ƙeyarta. Tana tsaye a ƙofar gida, takunkuminta a saɓule ƙarƙashin haɓa, tana ba wa saurayinta labarin wata mata da ta narka ƙiba a zaman kulle amma ta rantse tela ce ta rage mata riga. Shi kuwa yana jingine da babur ɗinsa, nasa takunkumin a ɗaure tam, idanunsa na dariya a kan bakinta.

"Yaya, ai a waje muke... kuma ka ga tazarar da ke tsakaninmu."

"Daga nan ɗakin Mama za ki shiga ko ba haka ba? Mayar da shi."

Ta ja ƙyallen ta rufe baki da hanci. Nan take dariyar ta mutu a idon saurayin. Ya dubi Yaya, ya dube ta, ya ga ƙyallaye biyu suna motsi, ya san magana ake yi, kuma ya san a kansa ne. Ya gaida Yaya da ladabi, ya tayar da babur ya tafi, bai samu ƙarshen labarin rigar ba.

Bakanike ake ce masa a unguwar, don gyaran kekunan ɗinki ne sana'arsa. Ba ya ji. Tun yana firamare kunnuwansa suka mutu, amma bakinsa garau yake, magana yake yi tiryan-tiryan, sai dai wani lokacin muryar ta fi ƙarfin wurin. Da ido yake sauraro. In ka fuskance shi ka yi magana ba da gaggawa ba, zai ɗauke ta tas daga leɓɓanka, har da wadda ka so ka haɗiye.

Keken Auta ne ya haɗa su. Ya dinga tsinka mata zare, aka kira shi, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a jikin keken ya ce ta taka. Ta taka. Ya ce keke lafiyarsa ƙalau, mai shi ce take taka shi da fushi. Ta harare shi, ya yi murmushi, shi ke nan aka gama da ita. Daga ranar keken nan ya shiga lalacewa babu ƙaƙƙautawa, har Baba, Allah ya ji ƙansa, ya ce abu biyu ne, ko a canja keke ko a ɗaura aure.

Aka tsayar da rana. Sai annoba ta shigo, aka hana taro, aka rufe kasuwa da makarantu, aka ɗaga auren zuwa lokacin da Allah ya so.

A farkon abin, babu wanda ya kai Yaya yi wa takunkumi ba'a. Malamin makaranta ne, kuma da aka rufe makarantar sai ya mayar da gidan aji. Ya ce cutar masu hawa jirgin sama ce, ina ruwanta da talaka. Abokansa suka riƙa cika falo suna shan shayi suna muhawara, Baba na zaune a tsakiyarsu yana dariya. Daga baya Baba ya fara tari. Aka zo da mota aka ɗauke shi zuwa inda ake killace masu cutar, ya ɗaga musu hannu ta bayan gilashi, kuma wannan ne ganinsu da shi na ƙarshe.

Tun daga nan Yaya ya zama wani mutum. Bai taɓa cewa laifinsa ba ne, babu kuma wanda ya ce masa haka, amma kowa na gani a yadda yake wanke hannu har fatar ta fara tsagewa. Duk tsoron da bai ji a kan lokaci ba, sai ya tattara shi ya juye a kan Mama, wadda dama ƙirjinta ba lafiya gare shi ba, ƙura kaɗan ke tayar mata da numfashi. Ya mayar da ita ɗakin gaba, ya hana baƙi shiga, ya kafa doka cewa duk wanda zai yi magana da mutumin waje, ko a titi ne, bakinsa a rufe.

Auta ta san Yaya na da gaskiya. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da shi.

Suna rubuta wa juna saƙo a waya, ba a ce ba sa yi ba. Amma Bakanike ya ce rubutu ba shi da fuska. Ya ce in ta rubuta "lafiya lau" bai san ko lafiyar ce ba, amma in ta faɗa, gefen bakinta na hagu ba ya iya ƙarya.

Don haka ta zauna a kan keke ta ɗinka takunkumi na musamman. Ta yanke tsakiyarsa ta sa farar leda mai garai-garai yadda bakin zai fito. Da ya zo ta fito tana taƙama, ta tsaya a gabansa ta fara magana. Kafin ta kai ƙarshen gaisuwa numfashinta ya lulluɓe ledar da tururi, baki ya ɓace. Ta goge, ya sake rufewa. Ya yi dariya har sai da ya zauna a bakin baranda. Ita ma ta yi, amma da ta koma ɗaki ta cusa takunkumin ƙarƙashin yaduka ta yi kukanta.

Mama ce ta samo tata dabarar. Tagar ɗakinta a kan baranda take, mai gilashi. Sai ta rufe gilashin ruf, ta cire takunkumi, ta zauna a kujera ta yi ta zuba. Bakanike yana waje yana karanta bakinta, yana amsa mata da muryar nan tasa da babu gilashin da zai tare ta. Ko Yaya bai hana ba. A duk masu zuwa gidan, Bakanike kaɗai ke ganin haƙoran Mama, kuma ta ɗauke shi ɗa tun kafin a ɗaura komai.

Da allurar rigakafi ta iso, Yaya ne a gaban layi. Ya kai Mama, ya kai Auta, ya dawo yana shafa damtse kamar wanda aka ba lambar yabo. A lokacin an fara sassauta doka, ana barin ƙaramin taro, maganar aure ta sake tasowa. Sai Yaya ya kira Auta ya faɗa mata a taƙaice cewa babu aure sai Bakanike ya yi allura. Ya ce bayan aure kullum tana hanyar zuwa duba Mama, ba zai yarda ta riƙa kwaso numfashin wani gida tana kawowa ɗakin nan ba.

Ta ce ai wannan mai sauƙi ne. Ta san mutuminta, ya riga kowa sa takunkumi a unguwar.

Washegari da hantsi ta same shi a shagonsa, wani ɗan ƙuƙumin wuri a layin teloli, cike da kawunan kekuna da warin man inji. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta sauke takunkumi, ta faɗa masa tana murmushi. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da babu komai a jikinsa.

"Ba zan iya ba, Telata."

Ta zaci wasa yake yi. Ta tambaye shi ko shi ma ya shiga sahun masu cewa allurar na hana haihuwa. Ya girgiza kai ya ce wannan shirme ne, ya karanta duk abin da likitoci suka rubuta, har wanda Yaya bai gani ba, kuma bai ga aibunta ba.

Sannan ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba. Zazzaɓi ne ya kama shi yana yaro. Aka kai shi wani kantin magani a bakin titi, mai kantin ya danne shi a kan benci ya yi masa allura. Da zazzaɓin ya sauka ya buɗe ido, ya ga mahaifiyarsa a kansa, bakinta na motsi, babu sauti. Ya jira sautin ya iso. Har yau bai iso ba. Daga baya wani likita ya ce wataƙila zazzaɓin ne ya yi ɓarnar ba allurar ba, babu mai iya tabbatarwa.

"Kaina ya yarda," ya ce. "Jikina ne bai yarda ba. Na je layin nan ba sau ɗaya ba, ba ki sani ba. Da na shaƙi warin audugar da suke gogawa, sai gumi ya karyo mini, ƙafafuna su fitar da ni waje ban sani ba. Ido kaɗai ya rage mini, masoyiyata. In na zauna a kujerar nan, gani nake zan tashi babu shi."

Tausayinsa ya kama ta. Amma tare da tausayin akwai haushi, don ta gaji da jira, ta gaji da zama tsakanin maza biyu kowanne da ciwonsa. Ta ce to sai yaushe. Ya ce ta ba shi lokaci. Ya kuma roƙe ta abu ɗaya, kada ta gaya wa Yaya cewa ƙato kamarsa yana gudu daga layin allura. Ta yi masa alkawari.

Lokaci kuwa shi ne abin da Yaya ba shi da shi. Da ya ga shiru, ya ce a kira masa Bakanike su yi magana ta maza.

Aka ajiye kujeru a baranda, nesa da juna, kowa da takunkuminsa. Auta ta zauna a tsakiya da waya a hannu. Abin da Yaya ya faɗa, ta rubuta ta nuna wa Bakanike, shi kuma ya amsa da bakinsa.

Yaya ya fara da lacca, kamar yadda ya saba. Ya yi bayanin yadda cutar ke yaɗuwa, ya ce doka doka ce, ya ce masu taurin kai irin wannan su ne suke cika asibiti da iyayen mutane. Auta ta rubuta rabi, ta zubar da rabi.

Bakanike ya ce shi bai ƙi doka ba, yana bin ta. Amma waɗanda suka zauna suka tsara ta duk masu kunne ne, babu wanda ya tuna da irinsa. Ya ce rana ɗaya aka wayi gari duk garin babu baki. A banki ba ya gane abin da ake ce masa, a asibiti haka, a shingen hanya wani jami'i ya kusa kai masa mari don yana ta yi masa tsawa ta cikin ƙyalle shi kuma yana kallonsa. Ya ce ya haƙura da duk wannan saboda rayukan mutane, abin da yake nema kawai a yi masa haƙuri shi ma.

Yaya ya ce wahalar banki daban, kabari daban. Ya ce wanda bai rasa kowa ba shi ne ke da bakin neman haƙuri. Wannan karon Auta ta rubuta duka, don hannunta ya riga hankalinta.

Bakanike ya karanta. Ta ga jijiyar gefen kansa ta tashi.

"Ni ma Babana ne, Yaya. Kuma ranar da na kawo masa takunkumi na roƙe shi ya sa, kai ne ka karɓa ka ɗaura wa butar shayi, abokanka suna dariya."

Gaskiya ce, kuma ita ce gaskiyar da duk gidan suka yi wata da watanni suna kewaye ta. Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce magana ta ƙare, ya umarci Auta ta rubuta wa Bakanike cewa babu aure, da allura ko babu allura, ya fita masa daga gida.

Auta ta riƙe wayar. Ba ta rubuta ba. Ta dubi Bakanike, yana kallon wayar yana jira. Ta dubi Yaya, ya juya zai shige ciki. Gaskiyar da za ta iya sanyaya shi tana bakinta, amma ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Sai ta tuna akwai ƙyalle a kan bakinta, kuma duk abin da ta ce a bayansa mutum ɗaya ne kawai zai ji.

"Yaya, don girman Allah ka tsaya. Ka dubi lalurarsa mana. Ba ya jin rediyo, ba ya jin bayanin likitoci, abubuwa da yawa ba ya gane su yadda muke ganewa. Ko wannan maganar bai san nauyinta ba ya faɗe ta. Irinsu sai a hankali, kamar yaro... Ka bar ni da shi, zan lallaɓa shi."

Tana faɗa tana jin ɗacin abin a harshenta. Ta san ƙarya ce. Mutumin nan ya fi su karatu su duka, ya fi su lura, kuma ya san nauyin kowace kalma da ya furta.

Amma ta yi aiki. Kafaɗun Yaya suka sauka. An ba shi mafita, maganar da ta soke shi ta zama maganar wanda bai san abin da yake yi ba. Ya juyo ya dubi Bakanike da wani irin kallo mai taushi, ya gyaɗa kai, har ya ɗaga masa hannu alamar babu komai.

"Me kika ce masa?" Bakanike ya tambaya. "Kin daɗe kina magana."

Ta sunkuyar da kai ta rubuta: Ba komai. Haƙuri na ba shi.

Ya karanta, ya dubi ƙyallen da ke kan bakinta, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce ya gode, ya kuma ba Yaya haƙuri da kansa a kan abin da ya faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi daɗi, irin daɗin da ke sa mai laifi rashin sukuni. Yaya ya daina haɗe rai. In Bakanike ya zo, sai ya tare shi da fara'a yana yi masa manyan alamu da hannu, yana nuna damtse, yana ɗaga babban yatsa, yadda ake yi wa ɗan da ake so ya sha magani. Bakanike ya tambayi Auta ko lafiya Yaya yake. Ta ce sauƙin kai ne Allah ya saukar masa. A waya ta rubuta wannan ma.

Ranar da abin ya fashe, tana ɗakin Mama tana ninke wanki. La'asar ce, rana ta yi sanyi. Bakanike ya zo ya tsaya a taga kamar kullum, Mama ta ja gilashi ta rufe, ta cire takunkumi ta gyara zama. Suka gaisa, ta tambaye shi aiki, ta ba shi labarin ƙafarta da ke kumburi. Sannan ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta rage gudun maganarta don kada ko kalma ɗaya ta wuce shi.

"Ɗana, maganar allurar nan, kada ka ji kunyar kowa. Auta ta yi wa yayanta bayani, shi kuma ya gaya mini. Ta ce ba taurin kai ba ne, ganewa ce ba ka yi saboda lalurarka, sai an bi ka a hankali kamar yaro. Ni kuwa na ce ko yaro ne ai namu ne, ba ma gudunsa."

Zanen da ke hannun Auta ya zame ya faɗi.

Bakanike bai motsa ba. A hankali ya ɗaga ido daga bakin Mama, ya tsallake kafaɗarta, ya sauke shi a kan Auta.

"Haka ta ce, Mama?"

"Haka ta ce, 'yar albarka. Ai ita ta kashe wutar ranar nan."

Ya ce Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ya ce yana da aikin da ya bari a shago. Kafin Auta ta zagaya ta falo ta fito, babur ɗin ya kai kwana. Mama na ta tambaya ko ta faɗi wani abu ne da bai dace ba, Auta ta ce a'a, Mama, ba ke ba ce.

Ta rubuta masa saƙo ya fi a ƙirga. Ta yi bayani, ta ba da haƙuri, ta kira shi da duk sunayen da yake so. Alama na nuna ya buɗe, amsa ce babu. Ta hau keke ta kasa taka shi. Abinci ya daina wuce mata. Ta riƙa gaya wa kanta cewa aurensu ta ceta, kuma sirrinsa ta rufa, amma ko ita ba ta gamsu da wannan ba.

Sai ga Yaya wata rana ya shigo da tsakar rana bakinsa har kunne, ana ganin fara'ar ta saman takunkumi. Wani abokinsa da ke aiki a wurin rigakafin ne ya ba shi labari. Bakanike ya je shi kaɗai. Ya zauna a kujera gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa, ya riƙe ƙarfen kujerar gam, aka yi masa allurar, ya tashi ya fita. Yaya ya ce Auta ta iya lallashi, ya ce yanzu sai a tsayar da rana. Mama ta ɗaga hannu tana hamdala.

Zuciyar Auta ta buga da wani fata mai zafi. Ya yi. Duk da abin da ta yi masa, ya je ya zauna a kujerar da yake tsoro fiye da komai. In ba so ba, mene ne wannan? Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta fita.

Layin teloli a cike yake, kekuna na ta ƙara ta kowane shago. Ta same shi a sunkuye kan wani tsohon keke. Inuwarta ce ta sa ya ɗago. Ya rame. Ta sauke takunkumi zuwa haɓa.

"An ce ka yi..."

"Na yi." Ya naɗe hannun riga ya nuna mata wurin. "Kuma ga ni ina gani. Yaya ne da gaskiya, ki gaya masa. Saboda Mama na yi, don in riƙa gaishe ta ba ta bayan gilashi ba."

"To ai shi ke nan, ruhina. Yaya ya ce a sa rana."

Ya saukar da hannun rigar, ya sa maɓallin a tsanake.

Ya ce tun yana yaro mutane ke magana a kansa a gabansa. Wani ya juya baya, wani ya kare baki da tafin hannu, wani ya sunkuyar da kai kamar yana neman abu a ƙasa. Mahaifinsa ya yi, abokansa sun yi, masu kawo gyara kullum suna yi. Ya saba, ya daina jin zafi. Ya ce ita kaɗai ce a duniya da in ya ga bakinta a rufe yana motsi, hankalinsa ke kwanciya, don ya san tana gefensa.

"Sirrinka na rufa," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kai ka ce kada in faɗa. Yaya zai raba mu ne, ban da wata hanya..."

"Da kin karya alkawarin. Da kin ce masa matsoraci ne, yana gudu daga layi. Gaskiya ce, zan ji kunya in warke." Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ba ta cika yi ba. "Amma kin duba duk abin da ke jikina, kika zaɓi wanda kika san za a yarda da shi nan take. Kuma an yarda, Telata. Har Mama."

"Ban taɓa ɗaukarka haka ba, wallahi ban taɓa ba."

"Na sani. Shi ya sa ya fi ciwo. In na aure ki, akwai ranar da za ki juya ki yi magana da baƙo a kicin, akwai ranar da za ki amsa waya kina kallon bango, akwai ranar da za ki sunkuya ki raɗa wa ɗanmu wani abu. Kowace rana zan tambayi kaina me kika ce. Ba zan iya zaman nan ba. Ki ba Yaya haƙuri, ki ce na janye."

Ta fizge takunkumin gaba ɗaya, igiyar ta tsinke, ta jefar da shi a ƙasa. Ta tsallake bakin ƙofar da ta yi watanni ba ta tsallaka ba, ta tsaya dab da shi, ta ɗaga fuskarta yadda babu abin da zai ɓoye masa. Ta fara magana. Ta ce ta yi kuskure, ta ce tsoro ne, ta ce za ta je yanzu ta tsaya a gaban Yaya da Mama ta ce ƙarya ta yi.

Ya kalli bakin nan da ya fi sanin sa fiye da komai a duniya. Ya kalle shi na ɗan lokaci, idanunsa sun cika da ruwa.

Sannan ya rufe ido.

Ba ta daina ba. Ta kira shi, ta roƙe shi ya buɗe, ta ce tana son sa, ta ce ba ta da kowa sai shi, muryarta na ƙara tashi ba ta sani ba. Keken shagon kusa ya tsaya, na gaba da shi ma ya tsaya. Teloli suka leƙo, wata mai kawo ɗinki ta tsaya da yadinta a hannu. Duk layin babu wanda bai ji abin da Auta ta faɗa ranar nan ba, har mai sayar da zare na can ƙarshe.

Shi kuwa yana tsaye a gabanta, hannunsa a kan keken, hawaye na fitowa ta ƙarƙashin fatar idon, bai buɗe ba har muryarta ta dushe.